Baƙuwarmu da Hoton Auta

Litinin, 6 ga Oktoba

Hedimasta ya tara mu a ofis bayan an tashi. Wai makarantarmu ta ƙulla ƙawance da wata makaranta a ƙasar waje. Za su turo malamarsu ta zauna da mu wata guda, ta koyar, ta koya, in an yi sa'a kuma su rufe mana ajin da iska ta yaye wa kwano.

Ƙawance. Yaushe aka san juna? Shekarun baya wasu sun zo da farar mota, suka raba fensir, suka ɗau hotuna, ko ƙeyarsu ba mu sake gani ba.

Ni aka ɗora wa saukar ta, don ina jin Turanci kuma ɗakin babban ɗana a rufe yake tun da ya tafi kwaleji. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Hedimasta ya ɗauki shiruna ya yi gaba da shi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yaya ya zo gaida Inna. Shi ne shugaban kwamitin iyaye, kuma bai taɓa bari a manta ba. Ya ja ni gefe ya ce in sa ido a kan matar: abin da take tambaya, inda take zuwa, wanda take yi wa waya. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Na ce ai ko bai faɗa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ta iso. Doguwa, siririya, jakar goyo ɗaya da kyamara rataye a wuya. Na zaci yarinya ce, ashe za mu yi sa'a da ita. Kalma ɗaya ta sani a harshenmu, sannu, kuma kowa ta gani sai ta ba shi, har akuyar Inna. Kafin yamma yaran unguwa sun raɗa mata Malama Sannu.

Na kai mata abinci, ta cinye tas ta yaba. Wanda ya zo neman abu ai komai daɗi yake masa.

Talata, 14 ga Oktoba

Tambaya kamar ɗan sanda. Me ya sa 'yan aji biyar suka fi yawa ranar Litinin? Wa ke gyara famfo in ya lalace? Ina mijina? Na ce direban babbar mota ne, sai ƙarshen wata. Ta ce ba na kewa? Ji mata.

A aji ta zauna a benci na baya, gwiwoyinta har ƙirji, tana kallona ina koyar da lissafi. Ban san wa za ta kai wa rahoto ba. Na koyar kamar ranar da sifeto ya zo.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Kyamarar nan ba ta hutawa. Famfo, allo, bishiyar tsakar makaranta, ajin da ba rufi. Shi ta fi daɗewa a kai. Ajinmu mai sabon fenti kuwa sau ɗaya ta ɗaga masa kyamara. Na lura.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Inna ta ci amanata. Na dawo daga kasuwa na tarar da su a tabarma ɗaya, tana nuna wa baƙuwa cokali da tsintsiya tana faɗa mata sunayensu, 'yata Auta na ta ƙyalƙyala dariya. Na ce Inna ki yi hattara. Ta ce ita ta tsufa da tsoron baƙo, me za a sace mata, haƙoran da babu?

Auta kuma ta liƙe mata kamar cingam. Shekara tara, ba ta san dawan garin ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Na ba ta ajina na darasi ɗaya. Ta sa yara suka zana hanyar gida zuwa makaranta, kowa da tasa, aka manna a bango, sai ga garinmu gaba ɗaya. Yarinyar nan da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta tashi tana gardama a kan inda gada take.

Dabarar ta yi. Ban faɗa mata ba. Sai daga baya na tuna: taswirar garinmu, me za ta yi da ita?

Laraba, 22 ga Oktoba

Taswirar tana nan a bango, ba ta taɓa ta ba. To.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Biri ya yi kama da mutum.

Babban ɗana ya turo mini abu a waya, ya ce Mama duba shafin makarantar baƙuwarku. Na buɗe. Auta ce. Tana tsaye a ƙofar ajin da ba rufi, ƙafa ba takalmi, kai a sunkuye. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa waɗannan yara suna takawa zuwa makaranta ba takalmi, a taimaka.

Auta da ke da takalmin makaranta da na fita unguwa. Na san ranar. Tsallen igiya suke yi, ta cire ta ajiye a gindin bishiya, ta sunkuya tana neman ɗan kunnenta da ya faɗi. Ni na yi mata faɗa a kai da yamma.

'Yata. Da hannuna nake wanke mata safa. An kai ta wata duniya ana bara da ita.

Ban kai wa baƙuwa abinci ba, Inna ce ta kai.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na nuna wa Hedimasta. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce abin bai yi daɗi ba, amma in duba damina mai zuwa da yara a ƙarƙashin bishiya. Na je wurin Yaya, wanda ya ce in sa ido. Na sa, ga abin da ido ya gani. Sai ya hau kame-kame: wa ya san Auta a can, hoto ne kawai, a bari a kafa kwano tukuna sannan a yi magana.

Na ce, “Yaya, da 'yarka ce fa?”

Ya ce ai Auta 'yarsa ce. Na ce to shi ya sa na zo.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na sami baƙuwa tana wanki a bakin famfon gida. Na miƙa mata wayar. Fuskarta ta yi ja har kunne.

Ta ce hotuna da yawa ta tura, ofishin makarantarsu ne ya zaɓi wannan ya yi rubutun. Na tambaye ta yaushe ta gani. Ta daɗe tana kallon kumfar hannunta. Da ta ce yau, da na yarda ko ban yarda ba, oho. Sai ta ce tun makon jiya. Ta ce ta ji kunya, ta yi ta cewa gobe za ta yi magana, kuma ta ji tsoron in an cire hoton a rasa rufin.

Na ce, “Kina cin abincinmu, kina kwana a gadon ɗana, kin san wannan kika yi shiru.”

Ta ce, “E. Haka na yi.”

Na shirya wa ƙarya, ban shirya wa wannan ba. Na juya na shige ɗaki.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ba na yi mata magana sai ta aiki. Auta ta ji labari a makaranta, wani ya ce mata mai bara. Ta dawo ta jera takalmanta a ƙofar ɗakin baƙuwa, ta tafi. Ba ni na sa ta ba.

Talata, 28 ga Oktoba

Da la'asar na ji ta a waya bayan gida, inda ake samun sabis. Da shugaban makarantarsu take. Ban yi niyyar saurare ba, shanya nake kwashewa, sai dai na daɗe ina kwashewa. Murya ta tashi. Na ji ta ce yarinyar tana da suna, tana da uwa, uwar kuma malama ce irinta. Na ji ta ce in ba a cire ba ita za ta rubuta wa iyayen can gaskiya da kanta.

Ko don ta san ina wurin ta yi? Zanin gado ya kare ni, amma wa ya sani.

Alhamis, 30 ga Oktoba

An cire hoton. Ɗana ya duba, ni ma na duba. An sa 'yar gajeriyar ban-haƙuri a wurin. Hedimasta ya ce shugaban nasu ya yi masa waya a daƙile, maganar rufi kuma sai an sake zama. Yaya ya wuce ni a hanya, gaisuwar ma da ƙyar.

In damina ta zo yara na ƙarƙashin bishiya, sunana za a kira. Na sani.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Taron iyaye. Baƙuwa ce ta roƙa a ba ta dama. Ta tashi gaban mutane ta yi magana da harshenmu, kalma ɗaya-ɗaya kamar mai taka ƙaya: na yi laifi, ku yafe mini. Wasu suka yi dariya don ta karya harshe, ta tsaya har suka gama, ta maimaita. Na waiga na ga Inna tana motsa baki tare da ita. Ashe aikin da suke yi ke nan a tabarma kwana biyu.

Wani tela ya tashi ya ce shi bai ga laifi ba, in hoto zai kawo kwano a ɗauki nasa ba riga. Aka yi dariya. Wata uwa ta ce a'a, ita ba ta haifi ɗa don talla ba. Aka yi ta ja. A ƙarshe aka tsayar: babu hoton yaro da zai fita sai iyayensa sun gani, sun ji abin da aka rubuta a ƙasa. Kuma abin da suka gani namu, mu ma mu ga nasu.

A gida baƙuwa ta durƙusa daidai tsayin Auta ta ba ta haƙuri. Auta ta ce sai ta yi tunani. Halin uwarta sak.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Yau aka haɗa ajina da nasu ta kwamfutarta. Fuskokin yaran can sun cika allo, ana ta ɗaga hannu. Nasu suka tambayi ko muna da talabijin, ko muna ganin zaki. Namu suka tambayi ko ana dukansu in sun makara.

Sai Auta ta tambayi wani yaro mai tabarau wa ke ba shi labari in ya dawo gida, kakarsa? Ya ce kakarsa tana gidan tsofaffi, ana kai shi ya gan ta wani lokaci. Na fassara. Wani daga baya ya ce, “Malama, ba su da ɗaki ne? Ko mu taimaka musu?”

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na kalli baƙuwa. Ta ce in faɗa musu ita ma mahaifiyarta a irin gidan take. Mantuwa ta kama ta, ba ta gane kowa, tana fita titi ta ɓace, ita kuma ita kaɗai ce 'ya, ga aiki. Duk Lahadi take zuwa ta tsefe mata kai.

Har na fara cewa a raina, kai, waɗannan mutane ba su da tausayi. Daga jimla ɗaya ta yaro.

Wata guda tana gidana, tana ta tambayata. Ni ban taɓa tambayar ta ko tana da uwa ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ta tafi. Inna ta riƙe hannunta har bakin mota tana ta addu'a, ita kuma tana ta amin a inda ya dace da inda bai dace ba. Auta ta ce ta gama tunani, ta yafe. Ni na ce Allah ya kiyaye hanya, ta gaida mahaifiyarta ko ba za ta gane ba.

Maganar rufi shiru.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Har yanzu shiru. Yaya ya fara zagayawa gidajen iyaye, wai ko mu fara sayen katako da kanmu kafin su gama zamansu. Bai ce mini komai ba, amma gidana ya fara zuwa.

Shugaban nasu ban yarda da shi ba, ba kuma zan yarda ba. Duk Juma'a ɗana yana duba mini shafinsu.

Baƙuwa ta turo saƙo tana tambayar yadda nake sa yara su haddace jadawalin sau da waƙa, wai nata sun kasa. Na yi kwana biyu ban amsa ba, kada ta ɗauka jira nake. Jiya na sa 'yan aji suka rera, na tura mata murya kawai, ba hoto.

Hedimasta ya ce baɗi za su turo wani malamin, wa zai sauke shi? Na ce a nemi wani gidan, ni na yi nawa. Ya ce ko ita ce za ta dawo, ba a tabbatar ba. Na ce a dai nemi wani gidan.

Da na dawo na biya wurin kafinta, tagar ɗakin ɗana ba ta rufuwa sosai. Dama tun tuni ya kamata a gyara ta.