Karatun da Nanay Ta Bari

Jubail, Fabrairu 1987

Perlita ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jikin babanmu Tatay?

Maƙwabci ya rubuto mini wai bana ba karatun Makon Shan Wahala a gidanmu. Wai sabon fastonki ya ba ki littattafai, kin gano cewa rera labarin mutuwar Almasihu daga fari har ƙarshe ba tsayawa al'adar jahilai ce. Mahaifiyarmu Nanay ce jahilar? Don ke ta ɗauki alkawarin yin karatun nan duk shekara, lokacin da zazzaɓi ya kusa kashe ki. Ko ƙasar kabarinta ba ta gama kwantawa ba! Ina nan ina soyuwa a cikin tirela, ke kina can kina wayewa.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Eulogio

Bulacan, Maris

Kuya Eulogio,

Ina gaishe ka da girmamawa, ko da yake ba ka nema ba.

Maƙwabcin ya gaya maka abin da ya faru bara? Tsofaffin masu rerawa sun mutu, matasa sun bi ku ƙasashen waje. Ni ce mai dafa shayin citta, ni ce mai rerawa. Muryata ta dishe a tsakiya, karatun ya yanke. Tatay ya fashe da kuka gaban jama'a, ya ce mun kunyata matarsa. Littafin faston ne kaɗai ya ce mini Allah bai yi fushi da ni ba. Kai ko tambaya ba ka yi ba. Faɗa daga nesa ba wuya.

Allah ya tsare.
Perlita

Jubail, Maris

Perlita,

Gaisuwa. Har yanzu ban yarda da fastonki ba, amma gaskiyarki ce.

Ga kaset, na rera karatun a ciki. A nan ba a rera irin wannan a fili, sai na rufe gilashin mota lokacin hutu, zufa na shiga mini ido. Da ka na yi. In kin gaji, ki kunna ni ki sha ruwa.

Sai na ji daga gare ki.
Eulogio

Bulacan, Afrilu

Kuya,

Barka da Ista. Mun yi.

Da Tatay ya ji ka sai ya ce, "Wannan jakin ya tsallake baiti!" Ya ɗaga murya ya cika da kansa. Rabon da ya rera tun rasuwar Nanay.

Karatun bai yanke ba. Baɗi ka zo da bakinka.

Ƙanwarka, Perlita