Sulallan Baba Sun Cakuɗe

Gardole, Injamena, Maris 1998

Yaya Salmanu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Duwala, ya Anti Kausar da yara? Mu nan sai godiya, amma na yi ɓarna.

Ka san farantin katakon nan na Baba mai ramuka, wanda tsoffin sulallan Girka suke ciki, waɗanda Bagirken da ya yi wa aiki a kanti a unguwar Bololo ya bar masa. Tun da yanar ido ta rufe masa gani, kullum bayan karin kumallo sai ya ɗora farantin a cinya, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan garin kowanne. Ranar Juma'a yana masallaci ina shara, zanina ya ja farantin, suka watse har ƙarƙashin gado. Na tsince su duka, na jera daga babba zuwa ƙarami, na yi shiru.

Washegari ya taɓa na farko ya kira suna, sai ya tsaya. Ya taɓa na biyu, na uku. Can ya ce, “Rakiya, ido ya tafi, yau kuma ga kai ya bi shi.” Yaya, haka na bar shi yana zaton shi ne ya rikice. Yanzu ba ya cin abinci sai kunu kaɗan, ba ya fita zaure, ko Malam Inusa maƙwabcinmu ya zo hira sai ya ce a ce yana barci.

Kai ya koya wa jerin. Don Allah rubuto mini yadda yake, in mayar a ɓoye.

Ƙanwarka, Rakiya

Duwala, Afrilu 1998

Rakiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a tashar jirgin ruwa, na kasa ƙarasa aikin ranar. Ba zan yi miki faɗa ba. Ke ce kike wanke masa kaya, ni ina nan ina aiko gaisuwa.

Ba da girma ake jera su ba, ba kuma da tsufa ba. Littattafan masu tara su ƙasa-ƙasa suke bi, kamar mai kewaya Bahar Rum da ƙafa, don Girkawan da sun kafa garuruwa a gaɓarsa ko'ina. Ana farawa daga yamma, Sifen, sai Faransa, sai Italiya da tsibirin Sisili, a shiga Girka, a tsallaka ƙasar Turkiyya ta yau, a gangaro Sham, sai Masar, a ƙare a gaɓar Afirka ta arewa. Mai zaki na Faransa ne, yana gaba, don Baba ba shi da na Sifen. Mai bijimi Italiya, mai kan mace da kifaye Sisili. A Girka mujiya ce kafin kunkuru, kunkuru kafin doki mai fukafukai. Daga nan ƙwaƙwalwata ta tsaya, don rubutunsu ba na karantawa, kuma sun fi arba'in.

Ko kin bi wannan, hannunsa zai gane kuskure. Ki gaya masa. In kina tsoro, ki ce ni na sa ki. Ki gaishe shi, ki roƙa mini gafara.

Yayanki, Salmanu

Gardole, Mayu 1998

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Na gwada jerawa, na kasa. Sai na durƙusa na gaya masa komai. Sai ya ce, “Ashe ba ni ba ne?” Na ce ba shi ba ne. Ya ce, “Kika bar ni wata biyu ina bankwana da kaina.” Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Da la'asar ya ce in kawo tuwo da farantin. Ina faɗa masa hoton da na gani, yana faɗin ramin da zan sa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Jiya har Malam Inusa ya zauna yana kallo.

Da muka gama jera na Sham sai ya rufe farantin. Na Masar zuwa ƙarshe ya sa na zuba a kwano, ya ce kai za ka sa su da hannunka. Ya rame ƙwarai, Yaya, ƙafafunsa kuma sun fara kumbura. Kada ka jira hutun Disamba.

Allah ya sada mu da alheri.

Rakiya