Na Buɗe Takardun Addu'ar Ɗalibai, Na Ce Allah Ne Ya Nuna Mini

Salama gare ku, mai kula da wannan fili da masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana. Ni Kirista ce, kuma na san yawancinku Musulmi ne, amma cin amana sunansa ɗaya a wurinmu duka, shi ya sa na kawo kukana nan. Don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na riga na zagi kaina iya zagi.

Ni nas ce, asalina daga ƙasar Zuru. Aiki ya kai ni Kalgo tun muna cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi. Kiristocin garin ba mu da yawa, daga malaman makaranta sai 'yan sanda sai mu ma'aikatan asibiti. Ɗalibai 'yan wajenmu da ke karatu a Birnin Kebbi suka gano akwai wata mata a Kalgo da ba ta iya dafa tuwo kaɗan ba, sai suka mayar da gidana wurin zumuntarsu. Duk Asabar bayan azahar sai su cika mini tsakar gida, wasu a motar haya, wasu a keke, har waɗanda aka tura koyon aikin koyarwa Gwandu da Masama sukan zo. Mu yi waƙa, mu karanta Littafi Mai Tsarki, su share tukunya tas, su kira ni Mama. Ban taɓa haihuwa ba, to ku auna yadda wannan suna yake zama mini a zuciya.

Akwai wata al'ada da suka zo da ita. Abin da mutum ba zai iya faɗa a gaban jama'a ba, sai ya rubuta a guntuwar takarda ba suna, ya ninke, ya jefa a gwangwanin madara. Mu ɗora hannu a kai mu yi addu'a, sannan a ƙone ba tare da an buɗe ba, domin magana ce tsakanin mutum da Allahnsa. Da farko a gabansu ake ƙonawa. Sai matar mai gidan da nake haya, wadda muke kira Inna, ta ce a daina kunna wuta a tsakar gida saboda harawar shanunsu. Daga nan ƙonawar ta dawo hannuna, in sun tafi in zuba a murhu. Babu wanda ya taɓa tambayata ko na ƙona. Wa zai zargi Mama?

Wata rana ina zubawa sai guda ta faɗi gefe a buɗe, idona ya sauka a kanta. Wata yarinya ce ta rubuta cewa mahaifiyarta na kwance, ita kuma tana tsoron a ce ta bar karatu ta koma jinya. Na yi mata addu'a da zuciya ɗaya. Asabar ta gaba muna cikin addu'a sai bakina ya riga ni, na ce, “Ya Ubangiji, akwai wadda uwarta ke kwance, tana tsoron barin karatu, ka dube ta.” Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗo jikina tana cewa, “Mama, ban gaya wa kowa ba! Wa ya gaya miki?” A nan ya kamata in ce takardarki na gani. Ban ce ba. Na dubi yadda sauran suke kallona, kallon da ba a taɓa yi mini irinsa ba, ni da ko a asibiti sai an nemi mai wanke ciwo ake tunawa da ni, sai na ce, “Ubangiji ba ya barci.”

Daga ranar na lalace. Kowane mako sai na buɗe su duka, in karanta, in zaɓi ɗaya ko biyu in ajiye a kaina. Har dabara na koya: ba na faɗa a makon da aka rubuta, sai na bari ya kwana biyu, in canza kalmomin. Labari ya bazu cewa Mama ta Kalgo tana da baiwar gani, gwangwani ɗaya ya daina isa. Inna ce kaɗai ta taɓa kama ni. Ta shigo ɗibar garwashi ta same ni tsugune da takardu a cinya, ta tsaya ta ce, “Ke, ba ke kinka ce min ba a buɗe su ba?” Na ce ina duba ko akwai ta makaranta da ta faɗa ciki. Ta jinjina kai ta ce, “To, ki dai ji tsoron Allah, ɗiyan ga sun yarda da ke.” Ba ta sake ta da maganar ba, ni kuwa har fushi na yi da ita na kwana uku, kamar ita ce ta yi laifin.

A cikin ɗaliban akwai wani da zan kira Ayuba. Yana shekarar ƙarshe a karatun aikin safiyo, wato awon ƙasa, shi ne na farko a gidansu da ya wuce firamare. Yaro ne mai natsuwa, in ya buɗe Littafi yana bayani har Inna takan rage dakanta. Na san rubutunsa sarai, don shi ke kwafa mini waƙoƙi a littafina. Ranar da na buɗe tasa, ga abin da na gani: “Ya Ubangiji, ina jin kamar kana kirana aikinka, amma ban tabbata ba. Ban gaya wa kowa ba. In kai ne, ka faɗa ta bakin wani. In ba ka faɗa ba, zan gama karatuna in riƙe iyayena.” Jama'a, mutum ya nemi alama daga wurin Allah, ni kuma na sa kaina a tsakani. Na ce a raina ai dama ya dace da fasto, me ya rage in ban da a tura shi kaɗan? Bayan mako uku, muna tsakiyar addu'a, na miƙe na dafa kansa na ce, “Ayuba, abin da ka tambaya a ɓoye, amsar ita ce i. Shi ne yake kiranka.” Ya durƙusa a ƙasa. Ni na ɗauka zai gama karatu tukuna. Kafin wata ya ƙare ya tattara kayansa ya tafi makarantar koyon aikin fasto, saura 'yan watanni ya rubuta jarrabawar ƙarshe.

Sai ga mahaifinsa a Kalgo. Tsoho ne manomi, dattijon ikilisiya, wato jama'ar coci, a ƙauyensu, ya shiga mota tun daga can don ya gan ni. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a tabarma, ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce, “Ɗiyata, ni ban yi boko ba, amma ina tsoron Allah. Yaron ga shi muka sa wa ido, ni da uwarsa da ƙannensa. In Allah ne ya kira shi, ni wane ne da zan hana? Abu guda na zo ji daga bakinki. Allah ne ya yi miki magana?” Wallahi gaskiyar ta zo mini har maƙogwaro. Amma na tuna yaran da za su watse, na tuna sunan Mama, na dubi tsohon nan ido cikin ido na ce, “Baba, Allah ne.” Ya mayar da hularsa, ya ce, “To, na bar masa shi.” Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Tun daga ranar ban ƙara buɗe takardar kowa ba. Da suka ga gani ya ɗauke, na ce musu baiwa takan zo ta tafi, wata ƙaryar ke nan a kan ta farko. Ba da daɗewa ba aka mayar da ni Gwandu, na ji daɗin canjin kamar wanda ya tsere wa ɗan sanda. Yau shekara tara ke nan.

Ayuba yana nan yana aikin fasto a wani ƙauye mai nisa. Ba shi da komai, ɗakinsa na yoyo da damina, ƙannensa biyu ba su samu wanda zai riƙe karatunsu ba, abokansa da suka gama suna manyan ofisoshi a Birnin Kebbi. Amma mutanensa suna ƙaunarsa, an ce ya sasanta gidaje da yawa, kuma ban taɓa jin an kama shi da wani abin kunya ba. Wannan ne yake ƙara rikita ni. Shin dama Allah ya kira shi, ni kawai na yi shisshigi? Ko kuwa ni ce na karkatar da rayuwar mutum da danginsa don a ce ina da baiwa?

Makon jiya ya zo Gwandu da matarsa, ya same ni na dawo daga aiki. Za a naɗa shi Rabaran, wato cikakken limamin coci, ƙarshen watan nan, kuma yana so in tsaya a gaban ikilisiya in ba da shaidar yadda Allah ya kira shi. Na ce ba ni da lafiya, na ce aiki ba zai bar ni ba, na ce ni ba mai iya magana a taro ba ce. Ya yi dariya ya ce, “Mama, ko a kan gadon asibiti ne sai an ɗauko ki.” Sannan ya rage murya ya ce, “Ba ki sani ba, sau biyu ina rubuta takardar ajiye aikin nan. Ranar da muka binne ɗanmu na fari har na ce babu mai ji a sama. Abin da ya riƙe ni ɗaya ne, na ce in babu mai ji, ta yaya Mama ta sani?”

Matarsa tana ta yi mini godiya, ni ina kallon ƙasa.

In na je na tsaya, zan yi ƙarya a kan Allah a cikin gidansa, a ranar da ake keɓe bawansa. In na ƙi zuwa ban faɗi dalili ba, na ci gaba da riƙe shi da ƙarya. In kuma na kira shi na ce takardarka na karanta, ina tsoron in zare abin da ya tsaya a kai shekara tara, ya faɗi, ikilisiyarsa ta bi shi. Ban damu da sunana ba yanzu, ya zube in zai zube. Shi nake ji.

Saura kwana goma sha tara, kuma ya ce da kansa zai zo ya ɗauke ni. Fastoci, malamai, iyaye, duk wanda ya san nauyin amana, ku taimake ni. Me zan yi?