Fairuz Ɗin Baba Ya Koma Kore

Gungun Dudu, Agusta 1968

Yaya Sallau,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. A tsorace nake rubuto maka. Tun da aka rufe madatsar Kainji ruwa ke hawa, jiya ya cinye gonar albasarmu. Kowa ya ƙaura sabon gari, saura ni da Baba a tsibirin nan.

Ka san zobensa mai dutsen fairuz, wanda Kaka ya sayo hannun wani mutumin Farisa a Makka. Shuɗin nan nasa mai kama da sama ya koma kore. Baba ya ce haka ya yi kafin Kaka ya rasu, daga baya ya dawo shuɗi. Ya ce mini, "Dutse ya yi magana, ɗiyata. Kwanana sun ƙare, nan za a rufe ni kusa ga ubana." Wuni yake yana kallon yatsansa, ko tuwo ba ya taɓawa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Hansatu

Yelwa

Hansatu,

Ina gaishe ki, ki gai da Baba. Ke dai da saurin firgita tun kina ƙarama. Na tambayi Bappa mai sayar da duwatsun ado, ya ce fairuz yana shan mai da zufa, su ke sauya masa launi. Ba man kaɗe kike shafa wa Baba a hannu saboda sanyin ƙashi ba? To shi ne. Ki raba idonsa da zoben nan. Yohanna mai jirgin ruwa zai zo ran Laraba ya kwaso ku.

Allah ya tsare.
Yayanki, Sallau

Gungun Dudu

Yaya,

Bayan gaisuwa, na yi ɓarna. Na gaya wa Baba zancen mai, ko dubana bai yi ba. Da ya cire zoben zai yi wanka sai na ɗauke na jefa a kogi, a zatona hankalinsa zai kwanta.

Ashe tun yana saurayi bai taɓa hawa ruwa ba sai da shi, don an ce mai fairuz ba ya nutsewa. Yohanna ya zo, Baba ya rungume ginshiƙin rumfa ya ce, "Ba ni shiga jirgi hannu wofi." Yohanna ya yi lallashi har la'asar ya gaji, ya koma. Ni ban bi shi ba.

Ruwa ya kai bakin ƙofa. Ka zo da kanka, ka taho da maza masu ƙarfi su ɗauke shi ko ba ya so. Ba zai yafe mana ba, amma ka zo.

A gai da gida.
Hansatu