Layar da Aka Kwance a Damtsenka

Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu direban da ke lodi zuwa inda kake. Amma ko da kana raye ba ka cika jin maganata har ƙarshe ba, don haka ban ga abin da zai hana ni rubutawa ba.

Gida lafiya. Safiya ta koma makaranta. Dawar da ka shuka a bayan gari ta nuna, babu mai ƙarfin halin zuwa yanka, mun bar wa tsuntsaye da mutanen daji. Ni kuwa ina zaman takabarka, kuma ina rigima da yayanka. Rigimar ce ta sa na ɗauki biro.

Ranar da 'yan bindiga suka tare ka a hanyar Gayam kana dawowa daga nutso, sun tafi da babur, da waya, da kyamarar nan taka mai shiga ruwa. Abu ɗaya suka bari, 'yar fatar da ke ɗaure a damtsenka. Ashe su ma suna tsoron laya. Masu wanka suka kwance ta suka miƙa wa yayanka, Yaya Sale, kafin a kwana uku magana ta zaga Birnin Gwari. Wai dama da asiri kake nutso, shi ya sa kake daɗewa a ƙasan ruwa. Wai ka koma ga Allah da shirka a jikinka. Kai da ko rubutu aka ba ka sai ka tambayi surar da aka rubuta!

Yaya Sale ya shigo ɗakina ido jajur, ya jefa fatar a kan tabarma, yana tambayata bokan da ya ba ka. Na ɗauke na soke a zanena. Ban kuma mayar masa ba.

Ga abin da nake so ka yafe mini. Kwana bakwai na yi shiru ana cin namanka, alhali ni na ɗinka fatar da hannuna, daga tsohuwar jakata na yanko ta. Ka tuna daminar da mutanen Kakangi suka gudu suka faɗa kogi ya cika? Ka tsamo mutum huɗu da babu wanda ya san su, ka ɗauki hotonsu, aka binne su a gaɓa. A hanyar dawowa kyamararka ta farko ta sulluɓe a mashigi, ruwa ya tafi da ita. Kwana biyu ba ka ci tuwon kirki ba, kana cewa ka binne mutane sau biyu. Daga nan ka sayo fulash, ɗan abin ajiyar hotuna da bai kai ɗan yatsa ba. Ko ina aka kira ka, da ka fito daga ruwa, tun jikinka bai bushe ba, sai ka zauna a gaɓa ka kwashe hotunan kyamara zuwa waya, daga waya zuwa fulash, ka naɗe shi da leda ka mayar cikin fatar. Ni ce ma na yi maka tsiya ranar da na gama ɗinkin, na ce saura ƙaho da wutsiya ka cika boka.

To me ya hana ni faɗa? Rabi tsoro ne. Kai ka gargaɗe ni kada kowa ya san inda hotunan suke, don wasu gawarwakin ba ruwa ya kashe su ba, kuma garin nan cike yake da masu kai rahoto daji. Ɗaya rabin kuwa haushinka nake ji. Sau nawa na roƙe ka ka bar fita? Gawar baƙo ta fi ni da Safiya ne? Ka tafi tsamo 'yan'uwan wasu, aka kawo mana kai a bayan a-kori-kura. Na ce a raina, bari su zage ka, ni ma da sauran zagi a bakina. Allah ya yafe mini.

A rana ta takwas na kira Yaya Sale na faɗa masa gaskiya. Na ɗauka zai yi hamdala, ashe na ƙara wa wutar itace. Ya ce hoton gawa ya fi laya muni, ajiye shi azaba ce gare ka a kabari, kuma idan mutanen daji suka ji labari gidan nan za su fara zuwa. Ba na cewa mugu ne. Na ga kukan da ya yi ranar da aka fita da kai, kuma shi ke ɗauke da mu yanzu. Ya ba ni zuwa Juma'a in kawo ya ƙona.

Ranar Litinin wata mata ta yi sallama. Sunanta Hansatu, daga Tabanni. Damina biyu ke nan mijinta ya faɗa kogi a gabanta suna gudu, ba a ga gawarsa ba. Ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Danginsa sun ce ta jira, nata sun ce ta haƙura, ta rasa na wa za ta bi. Ta ji an ce akwai mai nutso da ke ɗaukar hoton waɗanda ya tsamo, ta taho, sai ta tarar da ta'aziyyarka.

Na kwance zaren fatar. Na haɗa fulash ɗin da wayata da 'yar igiyar nan, yadda ka koya mini ina ta mita. Baban Safiya, ashe haka kake aikin? Fuska, sai riga, sai hannuwa, sai bishiyar da aka binne mutum a gindinta. Kowa hoto huɗu, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Muna cikin dubawa ta riƙe mini hannu. Ba fuskar ta gane ba, ruwa ya riga ya ɓata ta. Facin da ta yi masa da koren zare a aljihun riga ta gane. Ba ta yi kururuwa ba. Ta daɗe tana kallon kanyar da yake kwance a ƙarƙashinta, sannan ta nemi ruwan alwala, ta yi masa addu'ar da ta riƙe a baki damina biyu.

Wannan ce azabar da ake cewa na ajiye maka? Idan akwai laifi, na ɗauka, a rubuta shi a kaina.

Na kuma ga abin da ka ɓoye. Cikin hotunan akwai wata mata tana wanki a bakin kogi, an ɗauke ta daga tsakiyar ruwa, ta ɗaure fuska tamau don mijinta ya daɗe bai fito ba. Ko sau ɗaya ba ka nuna mini ba. Munafuki.

Yanzu ji abin da na yi. Na aika kasuwa an sayo mini fulash biyu, na kwashe komai a kowanne, don a wurinka na koyi cewa ba a ajiye hoto wuri ɗaya. Ɗaya yana cikin kwallayena. Ɗaya ya bi Hansatu Tabanni ƙulle a haɓar zane, don ta ce akwai mata irinta a can, har da 'yar maƙwabcinta da ke neman uba.

Gobe Juma'a. Idan Yaya Sale ya sauko daga masallaci zan gaishe shi da ladabi, in ba shi ruwa ya sha, in gaya masa duk wannan ba tare da na rage komai ba. Sannan in miƙa masa fatar. Tunda laya ya zo nema, ya ƙona layar. Mutanen da ke ciki kuwa ba za a binne su sau biyu ba, ina numfashi.

Ka huta, mai taurin kai. Sai na zo mu ƙarasa faɗan.

Taka wadda ta ɗinka fatar,
Maman Safiya