Na naɗe ƙosai da jaridun da aka ba 'yata amana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya bayan na haifi yara huɗu.

A Gaya nake aure, ina suyar ƙosai da safe a soron gidanmu. Maigidana masinja ne, shi yake kwaso mini tsofaffin takardun da aka zubar a wurin aikinsu ina naɗe wa mutane ƙosai. 'Yar farina tana ajin ƙarshe a jami'a, Hausa take karanta. Furojet ɗinta wai a kan yadda jaridun zamanin En'e suke amfani da kalmar gina ne, gina asibiti, gina rijiya, har da gina ƙasa. Ni dai ban gane amfanin ba, amma ina jin daɗi in tana karanto mini ina tankaɗe.

Jaridun na kawun babanta ne, wani tsohon hedimasta a Kademi. Tun na mahaifinsa ne, ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa, don a ɗaya akwai labarin ginin makarantar garinsu har da sunan mahaifin nasa cikin magina. Sau uku tana hawa mashin zuwa Kademi kafin ya yarda ya ba ta aro.

Da ta zo hutu da damina ɗakinsu yana yoyo, sai ta sa su a leda ta ajiye a ɗakina kusa da buhun wake, ta tafi biki Gafasa kwana huɗu, ba ta faɗa mini ba. Na ɗauka babanta ne ya kawo, har na ce a raina wannan karon masu shan mai ya samo. A rana ta uku ina yagar wata sai idona ya faɗa kan kalmar gina an zagaye ta da fensir, can ƙasa ma wata. Wallahi ludayin sai da ya faɗi daga hannuna. Cikin goma sha biyu saura huɗu, ta makarantar ma ta tafi. Na tura huɗun ƙasan akwatina.

Da ta dawo ta birkice gidan, ta tambaye ni, na ce ban ga komai ba. Ba ƙarya nake yi ba a rayuwata, ban san yadda ta fito ba. Daga baya ita da kanta ta fara kokwanto, wai ko a A Daidaita Sahu ta manta su ranar da ta je tasha. Na bar ta a kan haka. Babanta ya yi mata tas, ya ce boko bai koya mata riƙon amana ba, ta ja masa abin kunya a dangi. Da suka je ba da haƙuri tsohon bai yi faɗa ba, ya ce Allah ne ya yi ƙarshensu ya zo, amma ko gaisuwarta bai amsa ba. Mutane suna ganin shiruna kara ce ta 'yar fari, har ana yabona.

Abin da ya sa na rubuto, jiya ta kira ni daga makaranta, malaminta ya ce hotunan jaridun da ta ɗauka a waya ba su isa ba, sai ta ƙaro ko ta sake wani aikin daga farko, ta ƙara shekara ke nan. Ta ce, "Umma ki yafe mini, na zubar miki da mutunci a dangin Baba." Na ce Allah ya yi miki albarka, na kashe.

Huɗun nan za su iya taimakonta, amma ba yadda zan fito da su ban tona kaina ba. Na yi tunanin in ce a bayan buhu na tsince su, to ƙarya ta biyu ke nan, kuma ɗaya a yage take da shatin mai a jiki. Wa zan fara faɗa wa, ita, ko babanta, ko in wanke ƙafa in je Kademi in durƙusa gaban tsohon? Ranar Litinin za ta koma wurin malamin.