Ni Na Musanya Faifan, Ɗiyata Ta Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin ka sakaya sunana. Don Allah ku karanta har ƙarshe kana ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, wagga magana kuwa ba wadda zan ba wani ya rubuta mani ba ce.

Lokacin kaka ne, an yanke gero ana ta shigo da shi garinmu Ƙaura bisa amalanke da babura. Shekarar nan ni ban san ɗanɗanonta ba. Maigidana, Malam, ya rasu tun kafin ruwan farko ya sauka, na yi takaba na fita, damina ta wuce, ni dai ina dafawa ina ci ina kwanciya, in an ce amfani ya yi kyau in ce alhamdu lillahi. Ba kuka nike ba, ba kuma dariya.

Malam malamin firamare ne, mutumin Birnin Tsaba. Ya bar wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin zaure, irin mai akwati ƙasa da gilashi bisa tebur. Shekara shida yana rubuta labarin gidansu a cikinta, wa ya haifi wa, wace gona anka fara sara, duk hutu sai ya tafi ƙauye ya ɗauko muryar tsofaffi ya zo ya zuba. Muryar mahaifiyarshi na ciki, tashi ma tana ciki, yana yi masu tambaya yana dariya. Ban taɓa cewa a kunna mani ba bayan rasuwarshi, na bari sai zuciyata ta yi ƙarfi.

Cikin takaba zaman ya yi mani yawa, sai na shiga gyaran kayanshi. A durowar teburin na iske ambulan biyu, kowace da faifan kwamfuta ɗaya a ciki. Bayan ɗaya ya rubuta TA GIDA da hannunshi, ƙasa ga wata doguwar lamba haruffa da ƙidaya a cakuɗe. Bayan ɗayar ya rubuta TA MAKARANTA, ita ma da lambarta, don shi ke kula da kwamfutar makarantarsu. Na fiddo faifan biyu ina gogewa da bakin zane, ina haɗa baƙin da ke jiki yadda na saba da duk rubutun da ya faɗo hannuna. A faifan da ke cikin ambulan ta makaranta sai na ga an rubuta Home. Wannan kalma na san ta, malamarmu in ta ba mu aiki cewa take hom wok, ta kuma gaya muna hom shi ne gida. Na ce a raina, Allah sarki Malam, ciwo ya sa ka rikita. Na ɗauki mai Home na sa a ambulan ta gida, ɗayan na mai da ta makaranta. Gaskiya har daɗi na ji rannan, na gyara mashi abu da karatun da shi ya matsa mani in yi.

'Ya'yana da wannan magana ta shafa biyu ne. Babban, ba ni faɗin sunanshi, yana sayar da hatsi a Shinkafi. Sai ɗiyata, bari in ce mata Rabi, tana shekarar ƙarshe a foli, babbar makarantar fasaha, kwamfuta take karanta. Da kwamfutar ta fara kashe kanta tana ƙin tashi, Babban ya ce a kai wa mai gyara, Rabi ta ce a'a Yaya, windo ce ta lalace, wato abin da ke tafiyar da kwamfutar, in an sa faifan da anka yi mata da shi tun farko akwai wurin da za ka zaɓi gyara kawai, ba ya taɓa abin da ke ciki. Ya ce ta tabbata? Ta ce abin da take karantawa ke nan.

Ranar Asabar bayan azahar anka kawo wuta, Babban ma ya zo hutun mako. Rabi ta ɗauki ambulan ta gida ta sa faifan. Daga baya ta ce wurin gyaran bai fito ba, amma da ta dubi rubutun Baba sai ta sakankance, ta ɗauka yana gaba, ta ci gaba da dannawa. Abu ya yi ta tafiya, can ya nemi lamba. Ta sa wadda ke bayan ambulan, ya ƙi. Ta sake a hankali, yayanta na karanta mata ɗaya ɗaya, ya ƙi. Sau biyar. Sai ta jawo ɗaya ambulan ta gwada lambar makaranta, nan take ya karɓa. A nan ta gane faifan ba na gida ba ne, ashe Home ɗin sunan irin windon ne kawai, ta makaranta ke da irinta, ta gidanmu wata iri ce daban. Da kwamfutar ta tashi, fes take kamar yau anka sayo ta. Ba rubutu, ba hoto, ba murya.

Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon fura. Babban ya ce Baba ba ya rikita kayanshi, ko biro ka ɗauka sai ya sani, to wa ya taɓa? Rabi ta ce bara da Baba ba shi da lafiya ita ta je ta gyara mashi kwamfutar makaranta, ƙila wajen mayarwa ta musanya. Ya ce ba ƙila ba ne. Ya ce dama an tura ta boko ta koyo dannawa ba ta koyo natsuwa ba, ta sake binne masu uba da kaka rana ɗaya. Ta ce ya yafe mata, ya ce ba shi za ta roƙa ba. Ni duk ina ji. Bakina bai yi nauyi ba, ba kuma tsoro na ji ba, kawai kamar labarin wani gida ake yi. Na aje furar na koma ciki na ci gaba da tankaɗe.

Yau sati bakwai. An kai akwatin wajen wani mai gyara kusa da foli, ya kwana uku da shi, ya ce sabuwar windo ta hau kan tsohon abin, ya fiddo hotuna kaɗan rabinsu toka-toka, murya ko ɗaya. Babban in ya zo sai ya gaishe ni a tsakar gida ya fita, Rabi ta gaishe shi ya amsa wa bango. Ita kuma ta rame, in ta zo wucewa ta zaure sai ta kau da kai. Sau da yawa na shirya maganar, har na san da kalmar da zan fara, in na buɗe baki sai in ji na ce a ɗebo ruwa.

Ba zan ɓoye maku ba, akwai abin da ke riƙe ni. Lokacin da na fara zuwa ajin nan Babban bai so ba, ya ce Inna me za ki yi da karatun tsufa, ki zauna mu karanta maki. Malam ne ya tsaya mani. Yanzu in na faɗi, maganarshi ta tabbata, kuma na san shi, ba zai ce mani komai ba, ni uwarshi ce, zai haɗiye ne ya riƙa dubana da shi har in mutu. Rabi kuwa ban san ya za ta ɗauke ni ba, uwar da ta tsaya tana ji ana gaya mata wannan magana ba ta ce uffan ba. Musanyar kuskure ce, na sani. Shirun nan fa?

Jiya da la'asar tana tsince mani shinkafa ta ce Inna, ni ba zan koma foli ran Litinin ba, wanda ya kasa bambance faifai biyu ba shi da abin yi da satifiket. Ta faɗe shi a hankali, ba fushi. Na ce to, Allah Ya zaɓa mafi alheri. Abin da na ce ke nan.

Shi ne nike tambayarku. In tara su biyu in faɗi gaba ɗaya, ko in fara da ita? In kira ƙanen Malam ya zauna tsakani, ko hakan tonon asiri ne? Wadda ta taɓa neman gafarar ɗanta, da wace kalma ake farawa? Masu sanin kwamfuta kuma, in da sauran dabara ku faɗi, in babu kada ku lallashe ni.

Yau da safe na wanke hijabinta na makaranta na goge, na kai ƙofar ɗakinta na tsaya. Na ce Rabi. Ta ce na'am Inna, ta ɗago tana jira. Na tambaye ta ko akwai sauran sukari.